Goge Ma Yana Da Baki

A Maamobi da Nima, in aka saki kiɗa babu murya, ba a jimawa wani zai tambaya yaushe za a fara waƙar. Mun mai da makaɗi ɗan rakiyar mawaƙi. Ni ban yarda da wannan ba, kuma hujjata Antonio Vivaldi ce.

Limamin coci ne a Venis ta Italiya, yana koyar da marayu mata kiɗa. Ya bar konshato kusan 500, wato kiɗan da kayan kiɗa ɗaya ke ja, sauran suna amsawa. Mafi shahara su ne huɗun nan na lokutan shekara, da aka buga a 1725. Na saurare su da kunnen ɗan Zango, sai na ji tsarin gida: taron makaɗa ya kafa amshi, gogen Turawa ya fita shi kaɗai ya yi yawonsa, amshin ya dawo ya tare shi. Mawaƙi da 'yan amshi ke nan, sai dai tsirkiya ce ke magana. Ba duka nake yabawa ba. Wani wurin gudun yatsa ne kawai, burga.

Abin da ke damuna namu ne. Gogenmu tsirkiya ɗaya gare shi, na Vivaldi huɗu, amma saurari Audu Yaron Goge a tsakanin baiti da baiti, inda izgar ke kuka ita kaɗai. A gidan biki, daidai nan ne mutane ke komawa hirarsu.