Taskar Roget: Al'adar Jera Kalmomi Masu Kama da Juna a Ingilishi

A shekarar 1852 wani likita mazaunin Landan, Peter Mark Roget, yana da shekara 73 a duniya, ya wallafa littafin da ya fara tattarawa tun 1805. Ƙamus yakan jera kalmomi bisa haruffa, ya faɗi ma'anar kowace. Roget ya bi ta wata hanyar: ya kasa tunanin ɗan Adam gida shida, ya sake yanka gidajen zuwa kanu dubu, sannan ya zuba kalmomi a ƙarƙashin kowane kai. Mai nema zai zo da ma'ana a ransa, ya tarar da kalmomin da ke kewaye da ita. Har yau ana sake buga littafin.

Ingilishi ya buƙaci irin wannan taska ne saboda yawan aron da ya yi. 'Yan Arewacin Turai da suka mamaye gaɓar Ingila sun bar kalmominsu, mutanen Normandy na Faransa da suka ci ƙasar a 1066 suka kawo Faransanci fada da kotu, malaman coci da na jami'a kuma suka ɗebo daga Latin da Girkanci. Shi ya sa ko iyawa kaɗai tana da sunaye daga tushe daban-daban. Craft ta gida ce, skill daga harshen waɗancan 'yan Arewacin Turai ta zo, ability ta biyo Faransanci, talent kuwa asalinta ma'aunin kuɗi ne na Girkawa, wanda wani misali a Linjilar Matiyu ya mayar da shi baiwa. Wadda ake haifar mutum da ita daban, wadda ake samu da gumi daban.

A fagen juriya ne bambancin ya fi fitowa fili. Endurance ta samo asali daga kalmar Latin mai nufin tauri, kuma tana magana ne a kan wanda wahala ta faɗo masa ya ƙi karyewa. Ernest Shackleton ya sa wa jirgin ruwansa wannan suna, jirgin da ƙanƙara ta matse har ya nutse a tekun Weddell a 1915, mutanensa kuma suka tsira da rayukansu. Stamina a Latin zaren da masaƙi ke miƙewa ne kafin ya fara saƙa, don haka tana nuni ga ƙarfin da ke cikin jiki tun kafin gwaji ya zo, irin na mai gudun dogon zango. Staying power ana faɗinta a kan dokin da ke kai ƙarshen doguwar sukuwa, da ɗan siyasar da zaɓe bayan zaɓe bai kawar da shi ba. Evergreen itace ne da ba ya zubar da ganye, aka ara wa waƙar da ba ta tsufa a kunne. Duk suna zagaye da ɗorewa, amma kama da wane ba wane ba ne.

A nan ne al'adar Roget take da rauni. Waɗanda suka gabace shi, kamar Hester Piozzi a 1794 da George Crabb a 1816, sukan ɗauki kalmomi uku ko huɗu su zauna su warware inda suka haɗu da inda suka rabu, da misalai. Roget ya ajiye wannan bayani domin ya sami faɗi. Bai ɓoye ba: ya nuna a gabatarwarsa cewa aikinsa tsarawa ne, bayanin ma'ana kuma na ƙamus ne. Ya yi littafin ne domin wanda ya san kalmar amma ta ɓace masa a lokacin rubutu.

Matsalar ta girma da taskar ta shiga kwamfuta. Ɗalibi, musamman wanda Ingilishi ba harshen uwarsa ba ne, yana danna kalma sai jeri ya sauko, ya zaɓi mafi tsawo yana zaton ita ce mafi ilimi. Sai ka ga an yabi gwauruwa mai rainon marayu da kalmar da ta dace da ɗan tsere. Nahawu bai ɓaci ba, amma an rage wa matar darajar abin da ta sha, kuma wannan asara ce ta gaske.

Jami'ar Glasgow ta nuna hanyar gyara. Bayan aikin shekara 44, a 2009 ta fitar da taskar tarihi wadda ke nuna lokacin da kowace kalma ta shigo da ma'anarta da lokacin da aka daina amfani da ita. Wannan ya mayar wa kalmomin asalinsu da zamaninsu. Duk da haka, wanda yake so ya san wurin zaman kowace sai ya gan ta a cikin jimlolin marubutan da suka iya harshen. Malamin da ya miƙa wa ɗalibi taska, wajibi ne ya haɗa masa da ƙamus da littattafan karantawa, ya kuma tambaye shi dalilin da ya sa ya zaɓi wannan kalma ya bar 'yar'uwarta.