Masuntan Tafkin Madarumfa

Mutumin Kamarawa ko Sabon Birni da ke sha'awar ganin ruwa shimfiɗe ba sai ya je bakin teku a Legas ba. Gulbin Maraɗi, wanda ke zuba ruwansa cikin Rima a ƙasar Gobir, shi ne ke ratsa yankin Madarumfa, kudu da birnin Maraɗi, inda tafkin yake.

Masuntan wurin su ne 'yan rakiyar baƙo. Tun da asuba suke tura kwale-kwale, wani na tuƙi da gora, wani tsaye da birgi a kafaɗa yana jiran motsin ruwa. In ya watsa, ragar ta buɗe kamar faifai, ta fito da karfasa da tarwaɗa. Kafin hantsi mata sun aza kasko a bakin gaɓa.

Masuntan ne suka san inda tsuntsayen ƙetare ke sauka da hunturu, su ne kuma ke nuna wa masu ziyara hanyar kushewun waliyyai 99. Tafkin, dajinsa da kushewun sun shiga jerin wucin-gadi na wuraren tarihi na UNESCO a 2006.