Ƙararrawa, Fartanya da Ƙofar Baƙi: Zuhudun Mabiya Benedikt

A ƙauyen Tibhirine da ke kan duwatsun Atlas, kusa da birnin Medea a Aljeriya, an yi shekaru ana jin kira iri biyu daga cikin shinge guda. Ƙararrawa ta kaɗa, wasu maza masu fararen riguna su ajiye fartanya su nufi ɗakin addu'a. Ladan ya kira salla, manoman ƙauyen su yi alwala su shiga wani ɗaki da mazan nan suka ba su aro, don a lokacin ba su da masallaci. Masu fararen rigunan 'yan zuhudun Katolika ne, Faransawa, na reshen da ake kira Tirafis, kuma gidansu ya kafu a wurin tun 1938. Ɗaya daga cikinsu, likita mai suna Luc Dochier, ya iso a 1946, ya yi kusan shekara hamsin yana duba marasa lafiyan yankin kyauta.

Bahaushe bai rasa sanin irin waɗannan mutane ba. Mai karatun tafsiri ya gamu da ruhubanawa a Suratul Ma'ida da Suratul Hadid, mai karatun sira kuma ya san labarin Bahira. Amma hoton da yawanci ke zuwa zuciya shi ne na tsoho shi kaɗai a kogo, ya juya wa duniya baya. Zuhudun da ya fi yaɗuwa a Cocin Katolika ba haka yake ba. Zama ne na jama'a, mutum goma ko talatin ko ɗari a gida ɗaya, tukunya ɗaya, shugaba ɗaya, kuma tsarinsa ya fito ne daga wani ɗan ƙaramin littafi da ya haura shekara 1,400.

Mai littafin shi ne Benedikt, wanda aka haifa a Nursiya ta ƙasar Italiya wajen shekara ta 480. Ya je Rum karatu, zaman birnin bai yi masa ba, ya shiga halwa ta shekara uku a wani kogo a Subiyako. Da almajirai suka taru masa sai ya koma Monte Kasino wajen 529, inda ya rubuta Ƙa'idarsa mai babi 73. Wanda ya buɗe ta yana tsammanin asirai zai sha mamaki, domin rabinta maganar gida ce: yaushe za a tashi, me za a ci, wa zai tsare ƙofa, yaya za a yi da wanda ya makara, wa zai shiga madafa wannan mako. Shugaban gidan ana kiransa da wata kalma da ta samo asali daga Abba, wato uba, kuma an umarce shi da ya tara kowa idan babban al'amari ya taso, har da mafi ƙanƙanta, saboda sau da yawa gaskiya kan fito daga bakin yaro. Girma a gidan ba na shekaru ba ne ko na asali. Wanda ya riga shiga shi ne gaba, ko da bawa ne a da.

Ƙashin bayan yinin shi ne addu'ar lokuta. Benedikt ya tsara taruwa takwas, ɗaya cikin dare, bakwai daga asuba zuwa kwanciya, ya kuma raba Zabura 150 yadda za a sauke ta duk mako. Bayan Babban Taron Vatikan na Biyu an soke ɗaya daga cikin na safe, gidaje da yawa kuma suka shimfiɗa saukar zuwa mako biyu, amma gangar jikin tsarin tana nan. A gidajen Tirafis har yau ana tashi tsakanin ƙarfe 3 da 4 na dare. Sahu biyu ne ke fuskantar juna, wannan ya rera aya, wancan ya karɓa, haka har a kai ƙarshe. Bayan addu'ar kwanciya ba a ƙara magana sai gari ya waye. Tsakanin waɗannan lokuta akwai karatun Littafi Mai Tsarki irin na tsanaki, wanda ba don haddar jarrabawa ake yi ba: mutum ya ɗauki 'yan layuka, ya maimaita, ya yi shiru a kansu, ya mayar da su addu'a. Wanda ya taɓa zama a zawiya lokacin wazifa, ko ya ga dattijo yana jan lazimi bayan asuba, zai gane yanayin, ko da yake aƙidar daban ce.

Abin lura shi ne yadda ƙararrawa ke yanke aiki. Ƙa'idar ta ce da zarar an ji alama, kowa ya saki abin da ke hannunsa. Mai rubutu ya bar layi a tsakiya, mai shuka ya bar rami a buɗe. Wannan horo ne mai zafi ga duk mai son ya ga ƙarshen aikinsa, kuma da gangan aka yi shi, don kada aikin ya zama abin bauta. A ɗaya gefen kuma an hana addu'a ta zama mafakar rago. Babi na 48 ya ɗauki zaman banza a matsayin maƙiyin rai, ya wajabta aikin hannu na sa'o'i a kowace rana, babi na 31 kuma ya buƙaci ma'ajin gida ya riƙa kula da tukwane da kayan noma kamar yadda ake kula da kayan bagade. Taken nan da aka san Benediktawa da shi, na addu'a da aiki, babu shi a cikin littafin ma, daga baya aka ƙirƙiro shi, amma ya kama ma'anar.

Sai dai ba kullum aka riƙe wannan ma'auni ba, kuma tarihin ɗariƙar kusan tarihin karkacewa ne da gyara. Gidan Kuluni na Faransa, wanda aka kafa a 910, ya tara filaye da kyaututtukan sarakuna, addu'o'insa suka yi ta tsawo har suka cinye lokacin fartanya, noma ya koma hannun talakawan da ke zaune a ƙasar gidan. A 1098 wasu suka fice tare da Robert na Molesme suka kafa Sito don komawa ga aikin hannu da sauƙin rayuwa. Su ma ba su tsira ba. Sun ƙirƙiro aji na biyu na 'yan'uwa marasa karatu waɗanda ke yin aikin gona da kiwo yayin da masu Latin ke rera Zabura, rabon da bai dace da littafin da ya ce bawa da ɗa ɗaya suke ba, kuma sai a shekarun 1960 aka rushe shi. Tirafis ɗin kansu gyara ne a kan gyara, daga gidan La Trappe a ƙarni na 17.

To daga ina hidimar jama'a ke fitowa a gidan da aka gina don shiru? Amsar tana cikin wani alwashi da ya bambanta mabiya Benedikt da sauran ƙungiyoyin Katolika. Bayan biyayya da sauya hali, ɗan zuhudu yana ɗaukar alkawarin zama: wannan gida, waɗannan mutane, har mutuwa. Benedikt ya tsani 'yan zuhudu masu yawo, masu kwana uku nan kwana huɗu can suna cin tuwon baƙunta, kuma tun a babin farko ya yi musu kaca-kaca. Zo mu zauna zo mu saɓa, in ji Hausawa, kuma alwashin zama yana nufin mutum ba shi da ƙofar gudu daga ɗan'uwan da tarinsa ke damunsa ko muryarsa ke ɓata waƙa. Yana kuma nufin ba shi da ƙofar gudu daga maƙwabta. Wanda zai shekara hamsin a gefen ƙauye dole rijiyar ƙauyen ta zama tasa, zazzaɓin yaransu ya zama damuwarsa. Babi na 53 ya ce a karɓi kowane baƙo kamar Almasihu ne da kansa ya ƙwanƙwasa, a fi kula da matalauta da matafiya, abin da kunnen da ya saba da baƙonka annabinka ba zai ji baƙo ba. Asibiti da makaranta da gonar haɗin gwiwa duk ta wannan ƙofa suka shigo.

Afirka ta Yamma ta ba da misalai masu kyau. A 1963 'yan zuhudu tara daga gidan Solesmes na Faransa, wanda ya shahara da tsohuwar waƙar Latin, suka sauka a Keur Moussa, kimanin kilomita 50 daga Dakar, cikin al'ummar da kusan duk Musulmi ce. A ƙarshen shekarar Taron Vatikan ya buɗe ƙofar amfani da harsuna da kiɗan gida a ibada. Dominique Catta, mai kula da waƙar gidan, ya zauna yana sauraron makaɗan Mandinka, ya koyi kora mai tsirkiya 21, ya ɗora Zabura a kanta. Yau gidan yana da maƙerar kora da ake saye daga ƙasashe da dama, ga lambun 'ya'yan itace da cukun nonon awaki. Da baƙi ne masu wa'adin shekara uku, da wuya su sami haƙurin koyon wannan kiɗa.

A Najeriya, gidan Ewu na Jihar Edo ya kafu a 1979 daga gidan Glenstal na Ayalan, kuma a nan ne Fada Anselm Adodo ya fara harhaɗa magungunan gargajiya a 1996, aikin da ya zama kamfanin Paxherbals. Kafin su akwai Fada Cyprian Michael Tansi, ɗan Aguleri, wanda ya bar aikin limanci a yankin Onica a 1950 ya shiga gidan Tirafis na Mount Saint Bernard a Ingila, ya rasu a can a Janairun 1964. Shi ne ya yi wa Kadinal Francis Arinze baftisma yana yaro. Fafaroma John Paul na Biyu ya ɗaga shi zuwa matakin da ke gab da waliyi lokacin ziyararsa ta Maris 1998.

Alwashin zama yana da tsada, kuma a nan ne al'adar ke fuskantar tambaya mafi nauyi. A watan Oktoban 2023 'yan bindiga suka shiga gidan Benediktawa na Eruku a Jihar Kwara suka ɗauke mutum uku, suka kashe ɗaya, Godwin Eze, wanda bai ma gama shekarun gwaji ba. A Tibhirine kuwa, masu ɗauke da makamai sun fara shigowa ne a daren jajiberin Kirsimetin 1993, yaƙin basasar Aljeriya na ci. Hukuma ta ba su shawarar su tashi ko su karɓi masu gadi. Shugabansu Christian de Chergé bai yanke hukunci shi kaɗai ba. Ya bi babi na 3 na Ƙa'idar, ya saurari kowa, kuma da farko ba bakinsu ɗaya ba, akwai waɗanda suka ga tafiya ita ce hankali. Mai sukar lamiri zai iya cewa rai ya fi gini, kuma bai yi ƙarya ba. Amma ba gini ne ya riƙe su ba. Manoman da suke lambu tare ba su da fasfon zuwa Faransa, layin marasa lafiya a ƙofar Luc bai ragu ba, shi kuwa yana duba duk wanda aka kawo da rauni ba tare da tambayar ɓangarensa ba. Suka zauna.

A daren 26 wayewar 27 ga Maris 1996 aka ɗauke bakwai daga cikinsu, har da likitan mai shekara 82. A watan Mayu ƙungiyar 'yan bindiga ta GIA ta sanar da cewa ta kashe su, ko da yake har yau ana jayayya kan ainihin yadda suka mutu. Musulmin ƙauyen ne suka haƙa kaburburansu a lambun gidan. Fim ɗin da Xavier Beauvois ya yi a kansu ya ci babbar kyauta a bikin Cannes na 2010, kuma ranar 8 ga Disamba 2018 aka ɗaga darajarsu zuwa matakin da ke gab da waliyi a birnin Oran tare da wasu 12, limaman Musulmi na zaune a wurin.

Mutum biyu ne masu ɗaukar ba su gani ba a wannan dare. Ɗayansu, Jean-Pierre Schumacher, shi ne mai tsaron ƙofa. Ya koma gidan da 'yan'uwansa suka ci gaba da shi a Maroko, wanda daga baya ya zauna a garin Midelt, cikin maƙwabta Musulmi kamar da. A Maris 2019 Fafaroma Francis ya sunkuya ya sumbaci hannunsa a cocin Rabat. Ya rasu a Midelt a Nuwamban 2021 yana da shekara 97, a can aka binne shi.