Malam Maman Barka: malamin da ya koma ɗalibi saboda biram

A ƙasashen Turai, idan aka ce wane mai tsara kiɗa ne kuma malami, ana nufin mutumin da ke rubuta kiɗa a takarda, yana kuma koyar da shi a babbar makaranta. Afirka ma ta haifi irinsu. Akin Euba na Nijeriya (1935-2020) ya yi karatun kiɗa a Landan, ya nemi sa piyano ya yi magana da harshen gangunan Yarbawa, ya kuma koyar a jami'ar Pittsburgh ta Amurka. A Nijar kuwa, wanda ya fi cancantar wannan suna ta kunne da yatsa ya bi: marigayi Malam Maman Barka.

An haife shi a Taskar, cikin jihar Damagaram, a gidan Tubawa makiyaya. Lakabinsa na Malam daga aji ya samo shi, domin malamin makaranta ne kafin duniya ta san shi da gurumi. Wannan kaɗai abin lura ne. A ƙasar Hausa kiɗa gado ne, kuma da yawa na ganin ma'aikacin gwamnati ya zubar da girma in ya rungumi kayan maroƙa. Barka bai gaji kiɗa ba, bai kuma ji kunyarsa ba. Da gurumi mai tsirkiya biyu ya yi suna a Nijar da arewacin Nijeriya, daga baya ya yi aiki a cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya da ke Yamai.

Babban aikinsa ya fara ne a 2002. Da tallafin UNESCO ya tafi tafkin Cadi wurin Bukar Tar, tsohon da ake ɗauka shi ne gwani na ƙarshe a kaɗa biram. Biram abin kiɗan Buduma ne masunta, mai tsirkiya biyar, jikinsa kamar kwalekwale, kuma masu shi suna danganta shi da iskan tafki. Mutum mai suna, wanda ya haura arba'in, ya zauna gaban tsoho a matsayin almajiri. Da Bukar Tar ya rasu, amanar ta rage a hannunsa.

Faifansa na 2009, Introducing Mamane Barka, wanda ya yi tare da makaɗi Umaru Adamu, shi ne ma'aunin wannan amana. Ƙarfinsa yana cikin haƙuri. Biram ba ya gudu irin na gurumi. Amonsa mai kauri ne, yana maimaita ɗan gajeren zagaye har sai kunne ya fara jin ƙananan sauye-sauyen da ke ciki. Barka ya bar shi a haka, bai lulluɓe shi da kayan lantarki ba. Ya haɗa waƙoƙin Buduma na dauri da nasa na kansa, wato ya nuna cewa abin kiɗan na iya ɗaukar sabuwar magana. A nan ya zama mai tsarawa, ya wuce mai ajiya.

Amma yabo ba ya hana tambaya. A wasu wuraren, kalangu da ƙwaryar Umaru Adamu suna jan kiɗan zuwa takun da kunnen Bahaushe ya saba da shi, har biram ya zama kamar baƙo a gidansa. Kuma abin da aka ɗauko daga bakin ruwa aka kai dandalin Turai ya bar rabin ma'anarsa a baya: masu tafi a can ba su san kifi ko iskan da ake wa kirari ba. Wannan shi ne kuɗin da aka biya don kada amon ya mutu, kuma a ganina cinikin bai yi tsada ba. Da babu gara ba daɗi.

Barka ya rasu a Yamai ranar 21 ga Nuwamba 2018. Faifai ya ajiye muryarsa, amma faifai ba ya gyara yatsan yaro a kan tsirkiya. Darasin da ya bari na malamai ne da ƙungiyoyin al'adu. Daga Ɗan Gulbi zuwa Dakwaro akwai tsofaffin masu goge, gurumi da sarewa waɗanda ƴaƴansu suka kama wata sana'a. Ba sai an jira UNESCO ba kafin a gayyaci ɗaya daga cikinsu makaranta, a biya shi hakkinsa, a ba shi yara biyu ko uku masu kunne su zauna gabansa shekara guda. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Allah ya jiƙan Malam Maman Barka, ya ba mu masu ɗaukar abin da ya ajiye.