Mu Ari Kimono, Amma Mu San Abin Da Take Faɗa

Wata al'ada ta samu gindin zama a tsakanin ma'auratan Abuja, musamman 'yan bokonmu na unguwanni irin su Gwarinpa: idan ranar aure ta zagayo, miji da mata su caɓa ado su nufi gidan hoto. Da farko shadda da leshi ake sawa, ko anko na atamfa har da yara. Daga nan aka shiga shigar Fulani da ƙwarya da sanda, aka zarce ta Larabawa da ta Indiyawa, waɗanda dama sun daɗe da samun darensu a bukukuwanmu. Yanzu kuma jifa-jifa ana ganin baƙuwa daga nesa, wato kimono, rigar gargajiyar mutanen Japan, tare da laimar takarda da furannin roba. Ni dai a ganina hoton abin so ne, aron ma ba laifi ba ne. Inda muka raba gari shi ne mutum ya sa tufar da bai san me take faɗa a kansa ba.

Bari in fara da yabon hoton. Mun saba zuba dukiya a farkon aure: lefe, kamu, dina, hotunan kafin biki da malamai suka gaji da wa'azi a kansu. Amma auren da ya yi shekara goma yana tsaye, ba mai waiwayarsa. A yankin da mutuwar aure ta kai gwamnatin Kano ta fara aurar da zawarawa ta hannun Hisbah a 2012, duk ma'auratan da suka haɗiye fushi, suka ci da daɗi da ba daɗi har suka kai wannan zango, sun cancanci su tsaya gaban kyamara. Hoton kafin aure alkawari ne; na bayan shekara goma shaida ce.

Ba mamaki abin ya fi kama ƙasa a wuri irin Gwarinpa. Rukunin gidaje ne da aka gina a shekarun 1990, zamanin Janar Sani Abacha, aka cika shi da ma'aikata da 'yan kasuwa daga kowane lungu na Nijeriya. Matar da a cikin birnin Kano ko Katsina kunyar surukai ba za ta bar ta ta dafa kafaɗar mijinta a gaban mutane ba, a nan daga ita sai shi sai yara, maƙwabcinsu Bayarabe ko Ibo wanda ya tashi yana ganin hoton iyayensa rataye a falo. Ga gidajen hoto da shagunan kwalliya a kan manyan titunan unguwar, ga Instagram da ke neman abin da ido bai saba gani ba. Mai hoto kuwa dole ya kawo sabon salo, ko na gaba da shi ya ɗauke masa ciniki.

Masu cewa sa kayan wasu zubar da al'ada ne, su buɗe akwatin lefe su duba. Atamfar da muke tinƙaho da ita kamfanin Vlisco na ƙasar Holan ne ya yi suna wajen buga ta, shi ma kwaikwayon rinin mutanen tsibirin Jaba na Indonesiya ya yi. Shaddar Getzner daga Ostiriya take zuwa. Alkyabbar sarakuna da jar dara ta Sahara suka ratso daga arewacin Afirka. Laffaya ta Borno da Chadi da Sudan ta biyo kafin ta shiga ɗakin kowace amarya. Bahaushe ɗan fatauci ne, bai taɓa jin tsoron kayan baƙi ba. Sai dai duk waɗannan ya karɓe su ne ya zauna da su, ya san wa ke sa me, kuma yaushe. Ba ka taɓa ganin ɗan tireda ya yafa alkyabba ya tafi kasuwa ba.

Wannan sanin ne ya ɓace a harkar kimono. Na taɓa raka 'yar'uwata wani gidan hoto, muka tarar ana shirya wasu ma'aurata. Yarinyar da ke sa kaya ta zaro wata riga mai santsi da ƙyalli daga leda, ta yafa wa matar, ta ɗora ɓangaren dama a kan na hagu, ta ja ɗamara ta soke da fil a baya. Hannuwan rigar sun zubo har kusa da idon sawu. Maigidan an ba shi takobin roba, yana ta juya shi bai san inda zai ajiye ba. Mai hoto na cewa, “Hajiya, ɗan ɗaga haɓa. Alhaji, matso kusa da ita mana, ai taka ce.” Matar ta rufe baki da mafici tana dariya. Farin cikinsu na gaske ne, kuma ya burge ni. Amma da mutumin Japan zai ga hoton, gabansa ne zai faɗi.

Dalili kuwa, a Japan mai rai ɓangaren hagu yake ɗorawa a kan na dama, namiji ne ko mace. Gawa kaɗai ake yi wa akasin haka idan ana shirya ta. Riga mai dogayen hannuwa kuma, wadda suke kira furisode, ta 'yan mata ce da ba su yi aure ba. Ita suke sawa a watan Janairu wajen bikin waɗanda suka cika shekara 20. Matar aure tana da tata, tomesode, mai gajerun hannuwa da zane a ƙasa kawai, kuma baƙar cikinta ita ce shigar iyaye mata na ango da amarya ranar biki. Amarya tana da farar shiromuku, ango yana da baƙar riga mai tambarin gidansu da buje mai faɗi da ake kira hakama. Akwai kuma yukata ta auduga, ta shan iska lokacin zafi, wadda ba a zuwa babban taro da ita. Ke nan matar da ta zo murnar shekara goma a ɗakin miji ta fito a hoto tana shelar ita budurwa ce, kuma an yi mata naɗin mamaci. Kamar a ce baƙo ya sauka Kano, ya ga rawani mai kunne biyu ya yi masa kyau, ya naɗa ya shiga gari, bai san na 'ya'yan sarki ba ne.

Kada a ɗauka Japanawa na ƙyashin a sa musu kaya. A birnin Kyoto da unguwar Asakusa ta Tokyo shagunan hayar kimono sun cika, baƙi na sawa suna yawo suna hoto, har akwai masu tanadar ɗankwali da ya dace da rigar saboda Musulmi 'yan yawon buɗe ido. Amma a can gwanaye ne ke naɗa wa mutum, domin naɗin kansa sana'a ce da ake zuwa makaranta a koya. Wulaƙanci ne ba sa ɗauka: a 2019, da Kim Kardashian ta Amurka ta raɗa wa kayan cikin mata da take shirin sayarwa suna Kimono, magajin garin Kyoto da kansa ya rubuta mata wasiƙa, ta janye ta koma Skims.

Ta fuskar sutura ma, kimono ta gaske ba ta da abin zargi. Tana rufe jiki daga wuya har idon sawu, ba ta fitar da sura, ta fi yawancin ɗinkin da ake zuwa dina da shi mutunci. Maganar da ta rage tsakanin mutum da malaminsa ita ce ta baje hoton iyali a intanet, wannan kuwa ba ruwanta da Japan. Ko da zane da mayafi aka ɗauka, tambayar tana nan.

Shawarata ga masu gidajen hoto mai sauƙi ce. Wanda ya iya kashe miliyoyi a kan kyamara da fitilu ba zai gaza koya wa ma'aikatansa naɗi da bambancin rigar budurwa da ta matar aure ba. A kuma lura da kyamarar gaban waya, wadda kan juya hoto, ta mai da daidai kuskure.

Amma akwai abin da ya fi haya. Serge Mouangue, mai zane ɗan Kamaru da ya zauna a Japan, ya haɗa kai da masu ɗinkin can suka fitar da kimono ta atamfa a ƙarƙashin sunan Wafrica, duniya ta yaba. Mu kuwa muna da abin da ya fi atamfa kusa da zuciyar Japanawa, wato rinin baba. Suna alfahari da shunin Tokushima da ɗaurin rini na Arimatsu, mu muna da marinar Kofar Mata da ake danganta kafuwarta da 1498, wadda yau ke kukan rashin ciniki. Ma'auratan da kimono ta burge su, su sayo yadi daga can, su kai wa telan da ya yi nazarin yankan, a ɗinka musu tasu. Zanen aro ba ya rufe katara, in ji Hausawa. Tasu ta kansu kuwa ba a mayar da ita leda bayan awa ɗaya, kuɗin ya shiga aljihun marini da tela, kuma ta fi ƙarfin a ce an gan ta a jikin wasu makon jiya.