Kifin da Copley Bai Gani Ba

A babban gidan ajiye zane-zane na ƙasar Amurka, a birnin Washinton, akwai wani hoto da gidan ya samu a shekarar 1963. John Singleton Copley, mutumin Boston, shi ya zana shi a Landan a 1778. Labarin da ke ciki kuwa gaskiya ne. A 1749 wani yaro maraya, Brook Watson, ɗan shekara 14, ya shiga iyo a tashar jiragen ruwa ta Habana, a tsibirin Kyuba, sai kifin nan mai cin mutane, wanda ake ce wa shak, ya far masa, ya guntule masa ƙafar dama. Allah ya yi da sauran kwanansa, har ya zama Magajin Garin Landan a 1796.

Copley gwani ne tun yana saurayi. A Boston ya saba da zana fuskokin mutane da fentin mai, da kuma alli mai launi, watau wani alli mai taushi da ake murzawa a takarda da ɗan yatsa har ya yi laushi kamar fatar mutum. Don son allin nan, a 1762 ya rubuta wa Liotard, wani gwani na Janeba, yana roƙon a aiko masa da mai kyau. Aikin alli kuwa sai da kallo. Mai shi yakan zaunar da mutum gabansa, ya duba, ya murza, ya sake dubawa.

To, wannan horo ya fito sarai a fuskokin mutum 9 da ke cikin kwalekwalen. Ga mai mashi ya ɗaga zai soka. Ga biyu sun sunkuya suna miƙa hannu, wani dattijo ya riƙe rigar ɗayansu kada ya faɗa. Can sama ga wani baƙin mutum tsaye, ya jefa igiya, tausayi ya cika fuskarsa. Copley ya fara zana kan mutumin nan shi kaɗai a wani allo, wanda ke Detroit. Duk wanda ya dubi fuskar ya san ido ya gan ta.

Amma da aka zo kan kifin, sai hannun gwani ya rasa jagora. Copley bai taɓa zuwa Habana ba, kuma ga alama bai taɓa tsayawa kan shak ya duba ba. Sai ya yi masa leɓɓa kamar na dabbar tudu, ya juyo da idanunsa gaba kamar na kyanwa, alhali idanun shak a gefen kai suke. Abin da ya fito dodo ne na tatsuniya.

Wani zai ce ai ban tsoro ake so, an kuwa samu. Haka ne. Amma mutumin Katsina ko Maraɗi, wanda bai taɓa ganin teku ba, idan ya tsaya gaban hoton zai tafi da wannan kama a zuciyarsa, ya ɗauka haka Allah ya halicci dabbar. Mai zana dabbobin teku, da alli ne ko da fenti, amana ce a hannunsa, gama yawancin masu kallo ba su da wata hanyar gwadawa. Copley ya riƙe amanar mutane, ta kifi ce ta kuɓuce masa. Gani ya kori ji.