Hannun da Ke Saita Ƙwallo: Gwanintar Yoshie Takeshita

A wasan ƙwallon raga na mata, ana ɗaure raga a tsayin mita 2 da santimita 24 daga ƙasa. Yoshie Takeshita kuwa tsayinta duka-duka mita 1 ne da santimita 59. Idan ta tsaya a gindin raga, sai an ɗora santimita 65 a bisa kanta kafin a kai bakin ragar na sama. Duk mai horar da 'yan wasa da ya ga irin wannan yarinya ta zo neman shiga, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne ya ba ta haƙuri ta koma gida. Amma wannan gajeruwar ce ta juya ƙungiyar matan Japan shekara da shekaru, ta je gasar Olamfik sau uku, aka zaɓe ta gwarzuwar gasar duniya ta 2006, ta kuma rataya lambar tagulla a Landan a 2012. Ba da duka ta yi suna ba. Aikinta saita ƙwallo ne, wato taɓawa ta biyu, wadda 'yan kallo ba su cika yi wa tafi ba.

Ga wanda bai saba da wasan ba, filin yana da tsawon mita 18 da faɗin mita 9, raga ta raba shi biyu, mutum shida a kowane ɓangare. Idan ƙwallo ya tsallako, taɓawa uku kacal doka ta yarda a yi kafin a mayar da shi. Ta farko tarba ce, ana kashe wa ƙwallon zafi da damatsa. Ta uku duka ce, ita ce mai tayar da ihu. Ta tsakiya ce ke haɗa su, kuma mutum ɗaya ake ware wa ita. Lokacin da William G. Morgan ya ƙirƙiro wasan a garin Holyoke na Amurka a 1895, motsa jiki ne mai sauƙi ya nufa don magidantan da ƙwallon kwando ya yi wa nauyi. A ƙasar Filifin ne, wajen 1916, aka gano dabarar ɗaga ƙwallo sama wani ya zo ya maka shi ƙasa. Tun daga nan wasan ya sake kama, kuma wanda ke ɗagawar ya zama shi ke riƙe da akalar ƙungiya.

A duba hannun mai saita ƙwallo da kyau. Yana ɗaga hannayensa biyu saitin goshi, yatsu a buɗe, manyan yatsu biyu da manuniya biyu suna fuskantar juna har su bar wata 'yar taga mai kusurwa uku wadda yake hango ƙwallon ta cikinta. Ƙwallon, mai nauyin giram 260 zuwa 280, ba ya taɓa tafin hannu. A kan tsokar yatsu yake sauka, wuyan hannu ya ɗan lanƙwashe baya kamar zai karɓa, nan take kuma ya cilla shi. Idan ya daɗe ko da ƙiftawar ido ce, alƙali zai hura usur ya ce an riƙe. Idan hannu ɗaya ya riga ɗaya taɓawa, ƙwallon zai tashi yana juyi, mai duka ya sha wahalar auna shi. Gwani kuwa ƙwallonsa yakan tashi shiru, babu ƙara babu juyi, har kana iya karanta rubutun da ke jikinsa yana sama.

Sai dai masu wasan sun san cewa ƙafa ce ke yin rabin aikin. Tarba ba kullum take zuwa daidai ba, musamman idan abokan karawa sun buɗe wasa da bugu mai ƙarfi. Ƙwallo zai kauce hagu, ko ya nufi bayan fili, ko ya matso jikin raga. Kafin ya sauko, dole mai saiti ya riga shi isa wurin, ya tsaya a ƙarƙashinsa, ya daidaita ƙugu da kafaɗu, sannan ya ɗaga hannu. Wanda ya isa a makare zai saita ƙwallo yana gudu, abin da ya fito kuma sai addu'a. A nan Takeshita ta yi wa tsararta nisa. Takunta gajere ne amma mai sauri, kuma tun ƙwallon bai bar damtsen mai tarba ba ta riga ta karanta inda zai faɗi. Ko tarbar ta lalace har ta kai ta gefen fili, za ka ga ta jefa ƙwallon ta bayanta, daga wannan ƙarshen raga zuwa wancan, ya sauka daidai inda mai duka ke jira.

Bayan hannu da ƙafa sai yaudara. A ƙetaren raga akwai dogaye uku da ke jiran su yi tsalle su kafa katanga da hannayensu, kuma idon na tsakiyarsu yana kan mai saiti. Idan ya ga ta gantsare, ya san ƙwallo baya za shi. Idan ya ga ta sunkuyo, gaba za shi. Don haka gwana takan tsaya tsaiwa iri ɗaya ko ina take nufi, sai a ƙarshen ƙarshe wuyan hannu ya yanke hukunci. Tana da zaɓi aƙalla huɗu: ɗagawa mai nisa zuwa gefen hagu, gajeruwa mai sauri ga ta tsakiya wadda ta riga ta tashi sama, ta baya zuwa gefen dama, ko kuma ta bar shi ga wadda za ta taso daga bayan layin mita 3. Idan mai tsaron tsakiya ya yi jinkirin taku ɗaya, mai duka za ta tarar da mutum ɗaya a gabanta maimakon biyu. Makin da aka ci a haka, sunan mai duka ake rubutawa, amma kowa a filin ya san wadda ta buɗe ƙofar.

Kafin a buɗe kowane wasa, za ka ga mai saiti ta juya wa abokan karawa baya ko ta ja rigarta ta kāre hannu, tana nuna wa 'yan ƙungiyarta alamu da yatsu: ke gajere, ke nesa, ke ki zagayo. Tana kuma riƙe da lissafi a ka. Wace ce hannunta ya yi zafi yau? Wace ce aka tare sau biyu a jere har gwiwarta ta fara sanyi, wadda ke bukatar ƙwallo mai daɗi don ta farfaɗo? Wace ce ke son ƙwallo ya matso raga, wace ce ke son a ja mata shi baya kaɗan? Duk wanda ya taɓa shiga kwale-kwale daga gaɓarmu ta nan Garou ya nufi ƙetaren Nijar ya san cewa masu tuƙi na gaba ne ke zubar da gumi a idon fasinja, amma na gindin jirgi, wanda ke karanta ruwa yana ɗan karkata filafili, shi ke sa a sauka a mashigar da aka nufa. Haka mai saiti take a ƙungiyarta.

Ba a banza Japan ta fitar da irin Takeshita ba. Mutanen ƙasar sun daɗe da sanin cewa ba za su kamo Rasha ko Amurka a tsawo ba, sai suka nemi mafita a sauri da tsaron ƙasa. A gasar Olamfik ta Tokyo a 1964, karon farko da aka saka ƙwallon raga a gasar, matan Japan ƙarƙashin Hirobumi Daimatsu suka doke Tarayyar Sobiyet suka ɗauki zinare. Mafi yawansu ma'aikatan masaƙar Nichibo ne da ke Kaizuka, kuma sun shahara da dabarar faɗuwa a tare ƙwallo a mirgina a miƙe nan take. A 1972 a Munich, mazan Japan ƙarƙashin Yasutaka Matsudaira su ma suka ci zinare da gajerun ƙwallaye masu sauri da dabarun ruɗa masu tarewa, mai saita musu kuwa shi ne Katsutoshi Nekoda, wanda ya je Olamfik sau huɗu ya dawo da tagulla da azurfa da zinare. Wannan gadon Takeshita ta tarar.

An haife ta a birnin Kitakyushu ranar 18 ga Maris, 1978. Da ta gama sakandare a 1996 ta shiga ƙungiyar NEC Red Rockets, ba da jimawa ba aka kira ta ƙungiyar ƙasa. Sai ga shekarar 2000 ta zo da ɗaci: matan Japan suka kasa samun gurbin zuwa Olamfik ta Sidni, abin da bai taɓa faruwa da su ba a wasannin neman gurbi. Da aka tashi neman wanda za a ɗora wa laifi, sai aka nuna mafi gajarta. Aka yi ta cewa mai tsayin santimita 159 ba ta da abin yi a gaban manyan duniya. Maganar ta yi mata nauyi har ta bar NEC a 2002 ta koma garinsu da niyyar ta haƙura da wasan. Ƙungiyar JT Marvelous ce ta lallashe ta ta dawo, a 2003 kuma sabon kocin ƙasa Shoichi Yanagimoto ya mayar da ita gurbinta. Ta je Atina a 2004, ta zama kyaftin, ta jagoranci ƙungiyar zuwa Beijin a 2008. A gasar duniya ta 2006 Japan ta ƙare ta shida ne, amma aka ba ta kyautar gwarzuwar gasa da ta gwanar saiti. Wasu sun yi gunaguni a kan ta farkon, tunda Rasha ce ta ɗauki kofi.

Masu sukarta ba ƙarya zalla suka yi ba. Doka ta sa 'yan wasa su riƙa zagayawa, don haka cikin tsayuwa shida, uku a layin gaba take yin su, inda dole ta yi tsalle ta tare duka. Abokan karawa sun san haka, ta kanta suke bi. Abin sha'awar shi ne yadda ta biya wannan bashi ta wasu hanyoyi. Ta mayar da saiti cikin tsalle al'adarta, tana tarar ƙwallon tun yana sama, wanda hakan ke rage tazarar da ke tsakanin hannunta da na mai duka, ya kuma rage wa masu tarewa lokacin tunani. Idan ta koma layin baya kuwa, ta zama kamar mai tsaron ƙasa ta biyu, tana kwasar dukan da kowa ya ɗauka ya riga ya faɗi. Ita da Yuko Sano, libero ɗin ƙungiyar, wato mai tsaron ƙasa, wadda tsayinsu ɗaya, sun sa cin maki a kan Japan ya zama aikin haƙuri. Da haka suka doke Amurka suka ɗauki tagulla a gasar duniya ta 2010 ƙarƙashin Masayoshi Manabe, lambar farko a wannan gasa cikin shekara 32.

Landan ce ta cika labarin. A wasan kusa da na kusa da ƙarshe suka haɗu da Sin, aka yi zubi biyar, babu zubin da aka raba da fiye da maki biyu, na ƙarshe ya tashi 18 da 16. Takeshita ta yi ta raba ƙwallo tsakanin Saori Kimura da Yukiko Ebata har katangar Sin ta rasa wadda za ta tsare. Birazil ta fitar da su a wasan gaba, sai neman tagulla da Koriya ta Kudu ranar 11 ga Agusta, 2012. A can ƙetaren raga akwai Kim Yeon-koung, mai tsayin santimita 192, wadda aka zaɓa gwarzuwar gasar, wadda kuma Takeshita ta shekara biyu tana saita wa ƙwallo a JT Marvelous. A ranar Saori Sakoda ce hannunta ya yi zafi, Takeshita kuwa ta gane haka da wuri ta yi ta loda mata. Japan ta ci zubi uku a jere, ta sami lambar Olamfik ta farko tun 1984. Sai bayan an gama aka ji cewa da karyayyen manuni na hannun hagu ta buga gasar, ɗaya daga cikin yatsun da ƙwallo ya fi sauka a kansu.

A nan wajenmu, tsakanin Garou da Malanville, ƙwallon ƙafa ne sarki, ƙwallon raga kuwa sai a farfajiyar makaranta bayan la'asar, raga a ɗaure jikin sanduna biyu, layi a ja da ƙafa a cikin rairayi. Ka tsaya ka kalla, za ka ga kowa duka yake so. Ƙwallo na tsallakowa, dogon cikinsu zai maka shi da taɓawa ɗaya, ko ya faɗa raga ko ya wuce fili, a bi shi da gudu. Gajeru kuma ana tura su baya, ko a bar su da ɗauko ƙwallo. Da wuya ka ga an yi taɓawa ukun nan cikakku, alhali a cikinsu daɗin wasan yake.

Koyon saiti ba ya cin kuɗi. Ƙwallo ɗaya da bango sun isa: a yi alama a jikin bangon, yaro ya tsaya yana cilla ƙwallo da yatsu yana nufin alamar, yana matsawa gaba da baya. Ya kwanta rigingine yana ɗaga ƙwallon saitin goshinsa har ya daina juyi. A jefa masa a karkace don ƙafarsa ta koyi riga ƙwallo isa. Takeshita ta yi ritaya a 2013, daga 2016 zuwa 2020 kuma ta horar da ƙungiyar Victorina Himeji, inda ta koya wa 'yan baya irin waɗannan abubuwa. Malamin wasanni da ke da yara talatin a gabansa, kafin ya jera su bisa tsawo, ya jefa wa kowannensu ƙwallo sau biyar ya duba wanda ƙwallon ke fita daga yatsunsa ba ƙara, wanda kuma ke waiwayar abokansa kafin ya ɗaga. Wannan yaron ko yarinyar, ko da shi ne mafi gajarta a ajin, shi za a fara ba gurbi, sannan a nemo masa dogayen da za su yi duka.